Lambar da ke Shafi na Casa'in da Huɗu

Kawuna ya shafe shekara talatin da huɗu yana neman kuskuren mutane, kuma biyansa ake yi a kan haka. Mai duba rubutu ne a wata 'yar maɗaba'a da ke buga littattafan makaranta. Kafin littafi ya shiga inji sai an kawo masa shafukan gwaji ya bi su harafi bayan harafi, ya sa hannu a ƙasa. In bai sa hannu ba, inji ba ya tashi. Ma'aikata Jan Biro suke ce masa, har waɗanda aka haifa bayan ya fara aikin. Ni Kawu nake ce masa, don yayan mahaifiyata ne. Shi kuma "'yar nan" yake kirana har na yi furfura.

Da shara ya fara a wurin. Mahaifinsa kafinta ne, ya so ya riƙe shi a shago, amma Kawu ya fi damuwa da rubutun jikin gwangwanin fenti a kan katakon da aka ba shi ya goge. Da aka gaji da shi sai aka kai shi maɗaba'a yana kwashe yankakkun takardu. Wata rana ya ɗago wani shafi daga ƙasa ya nuna wa mai kamfanin cewa an ba watan Nuwamba kwana talatin da ɗaya a kalandar da ake shirin bugawa. Tsohon ya dube shi, ya dubi shafin, ya karɓe tsintsiyar ya miƙa masa biro. Tun daga ranar babu wanda ya sake samun sukuni a gabansa. Allon shagon mutane yake tsayawa ya gyara da baki. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, takan ce ko burodi aka ba shi sai ya gama karanta ledar kafin ya gutsura. 'Ya'yansa huɗu, babu ɗayansu da ya yarda ya leƙa sana'ar, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni ma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Mijina ya rasu ya bar mini yara uku, Kawu ya zo ya zauna a bakin tabarma ya ce, "'Yar nan, kin iya karatu da ƙarfi ba tare da kin ƙara gishiri ba?" Na ce na iya. Washegari na zama mai karanta masa.

Ga yadda aikin yake. Ni ina riƙe da asalin rubutun marubuci ina karantawa a fili, shi yana bin shafin gwaji da rula a ƙarƙashin layi. Komai sai na faɗa, har waƙafi da aya da babban harafi. Shekara goma sha tara ina wannan a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin inji, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, da fanka mai kuka, da tebur da muka tokare wa ƙafa da kwali. Sai da ta kai in ina yi wa yarana faɗa a gida nakan ƙare da "aya", su kwashe da dariya, faɗan ya lalace.

Abu ɗaya Kawu ya mallaka da yake taƙama da shi. Yakan ce tun da ya fara sa hannu, ba a taɓa dawo masa da littafi an nuna masa kuskuren da ya wuce ta gabansa ba. Ni dai a raina nakan ce wataƙila masu karatun ne ba su cika dubawa ba, amma ban taɓa furtawa ba, don na san da wannan maganar yake tashi kowace safiya.

Shekara uku kafin ya bar aiki idonsa ya fara tafiya. Bai taɓa cewa ido ba ne. Sai ya ce hasken tagar ne ya ragu, ko tawadar zamani ce ba ta da kauri. Ya sayi tabarau, ya sayi gilashin ƙara girma, daga baya rular ma a kan layin da ba shi ba take sauka. Ba mu zauna mun shirya komai ba. Wata rana kawai na karanta masa sakin layi daga asali, sai ya turo mini shafin gwajin ya ce, "Karanta wannan ma in ji." Shi ke nan. Daga ranar kowane littafi sau biyu nake karanta shi, shi kuma yana gwada su da kunne. In an turo ƙofa sai ya jawo shafin gabansa ya sunkuya da rula. Kunnensa kuwa ya fi idon mutane da yawa. Amma ni nakan koma gida maƙogwarona kamar an goga masa yashi, ko sallamar maƙwabta da hannu nake amsawa. Na gaji, kuma ina jin haushinsa, kuma ba zan iya tona shi ba.

Lambobi ne suka fi ba mu wahala, don lamba ba ta da ma'anar da kunne zai riƙe. Sai Kawu ya fito da wata dabara da ya koya daga wani littafin lissafi da ya taɓa dubawa. Ina karanta alƙaluman ɗaya-ɗaya, shi yana tara su a ka. In jimillar asali ta yi daidai da ta gwaji, mu wuce. A haka ya saba da lambobi har yana raba su gida-gida kamar mutanen unguwa. Akwai cika, masu rabuwa biyu daidai, akwai mara, masu barin ɗaya. Duk wadda ta ƙare da biyar ko sifili, biyar na raba ta. Duk wadda jimillar alƙalumanta ke rabuwa uku, ita ma uku na raba ta, komai tsawonta. Sai kuma waɗanda yake kira masu taurin kai, irin su bakwai da goma sha uku, waɗanda babu lambar da ke raba su ba saura sai ɗaya da su kansu. Waɗannan yake girmamawa. Inna ta ce ai dole, danginsa ne.

A shekararsa ta ƙarshe kamfanin yana hannun ɗan tsohon, wanda muke kira Manaja. Ya shaida wa Kawu cikin ladabi cewa in shekara ta ƙare zai huta. Babban aikin da ya rage shi ne littafin lissafi na 'yan sakandare, kwafi dubu biyar, wanda wani malamin kwaleji da ake ce wa Dakta ya rubuta da hannunsa. Kawu ya ce mini, "Wannan ne na rufewa. In ya fita da tsabta, na gama lafiya."

Mun yi sati uku muna jan jiki a cikinsa har muka iso shafi na casa'in da huɗu. A nan Dakta yake bayanin masu taurin kai, ya kawo wata ƙatuwa don ya burge yara. Ya ce ka fara da ɗaya, ka yi ta ninka ta biyu har sau tamanin da tara, sannan ka cire ɗaya, abin da ka samu babu mai raba shi. Sai ya rubuta ta, alƙaluma ashirin da bakwai, ta cinye layi guda. Na tsaya ina kallonta.

"Kawu, wannan ban san sunanta ba. Ta wuce miliyan, ta wuce biliyan, ta wuce duk abin da na sani."

"Wa ya ce ki kira sunanta? Karanto uku-uku."

Na karanta ta asali, na karanta ta gwaji. Daidai suke, babu bambanci ko ɗaya. Na kai hannu zan juya shafi sai ya dafe takardar.

"Sake."

Na sake. Leɓɓansa suna motsi.

"Ɗari da goma sha bakwai," ya ce. "'Yar nan, jimillarta ɗari da goma sha bakwai."

"To, Allah ya sa albarka. Mu je gaba."

"Uku na raba ɗari da goma sha bakwai. Talatin da tara sau uku. In haka ne uku na raba wannan ƙatuwar. Ba mai taurin kai ba ce. Ƙarya aka yi mata."

Na ajiye takardun a cinya. Dokar sana'armu a fili take, kuma shi ya koya mini ita: mai dubawa asali yake bi. In gwaji ya yi daidai da abin da marubuci ya rubuta, aikinka ya ƙare, sauran tsakanin marubuci ne da iliminsa. Na tuna masa. Ya ce ya sani. Na ce to ya sa hannu. Ya ce hannunsa ba ya sauka a kan abin da ya san ba gaskiya ba ne. Na ce saura shafi ɗari da sittin, kuma muryata ba ta aro ba ce. Bai ko juyo ba.

Manaja ya aika wa Dakta, Dakta ya zo da kansa bayan kwana biyu. Bai zauna ba, don kujera biyu ce a ɗakin, kuma ba na jin zai zauna ko da goma ne.

"Kai ne ka ce lissafina ba daidai ba?"

"Ranka ya daɗe, ban ce lissafinka ba. Na ce wannan da aka rubuta uku na raba ta."

"Daga babban littafi na kwafo ta. Masana sun tabbatar da ita tun kafin a haife ka."

"Ban musa wa masana ba. Wataƙila wajen kwafowa ne hannu ya zame."

"To mece ce daidai ɗin? Faɗa mini."

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Na dai san wannan ba ita ba ce."

Dakta ya yi dariya ya dubi Manaja. Ya ce babban littafin yana ɗakin karatun wata kwaleji mai nisa, ba zai yi tafiyar kwana guda don mai duba waƙafi ya yi mafarki ba. Ya fita. Manaja ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, don Allah ka sa hannu mu huta." Kawu ya ce a kawo wani ya sa. Abin da ya cece mu takarda ce: motar da za ta kawo takardar bugun ta makara, sai nan da kwana goma. Manaja ya ce in ta iso, da hannu ko ba hannu, inji zai tashi.

Lokacin babu wayar da ake tambaya komai, kuma na'urar lissafin ofis alƙaluma takwas take ɗauka ta cije. Saboda haka Kawu ya ce mu za mu nemo lambar da kanmu. Na ɗauka wasa yake.

"Ninkawa ce kawai. Ɗaya, biyu, huɗu, takwas. Ko jikata ta iya."

"To a kira jikar taka."

Ba a kira ta ba. Ni na samo bayan tsohuwar kalanda na ja layuka, muka mayar da hutun cin abincin rana na lissafi. Ina karanta masa layin sama daga dama, yana ninkawa a ka yana faɗa mini abin da zan rubuta da abin da zan riƙe. Na farko-farko da dariya muka wuce su. Daga ta talatin dariya ta ƙare. Lambar tana tsawo tana rarrafe zuwa hagu, shayina yana hucewa, ƙarar inji tana shigowa ta bango. Kowane layi sai ya gwada shi: in ka tara alƙaluman, ka sake tara na jimillar har ya zama guda ɗaya, dole su bi sahu, biyu, huɗu, takwas, bakwai, biyar, ɗaya, su sake zagayowa. In sahu ya karye mun yi kuskure. A ta hamsin da biyu ya karye sau uku a jere, saboda na manta da ɗaya da na riƙe. Na jefar da fensir na ce na bar aikin, in ya so a buga littafin da lambar gidanmu. Ya lalubo fensirin a ƙasa da hannu, ya goge shi a rigarsa ya ajiye a gabana. Ganin yadda ya laluba ɗin ne ya sa na ɗauka.

Kwana shida muka yi, sannan ya ce a sake daga farko don tabbatarwa, muka ƙara uku. Duka biyun abu ɗaya suka ba mu. Na cire ɗaya na rubuta ta da kyau:

618 970 019 642 690 137 449 562 111

Muka jera ta da ta Dakta. A rukuni na bakwai shi ya rubuta huɗu, tara, tara. Tamu huɗu, huɗu, tara. Huɗu guda ce ta rufe kai ta zama tara a wajen kwafowa. Kawu ya tara tamu ya samu ɗari da goma sha biyu.

"Ita ƙatuwar mara ce," ya ce. "Biyar ba ta raba ta, uku ba ta raba ta. Ko akwai wata can gaba mai raba ta, wannan ya fi ƙarfina, na bar wa masana. Amma ita ce aka ce a rubuta."

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ni kuwa ko murna na kasa, kaina ne kawai ke sara. Lambar ta zauna mini a ka, ina wanke-wanke ina jin bakina yana jero ta uku-uku.

Manaja ya aika wa Dakta kalandar tamu. Ta dawo da kalma biyu a gefe: "A gyara." Babu sannu, babu na gode. Kawu ya sa na karanta masa kalmomin sau biyu.

Takarda ta iso ranar da aka ce. Mai haɗa rubutu, wani da muke kira Sauri don ba ya zama, ya sake buga layin gaba ɗaya ya kawo mana shafin da gudu, ya tsaya a bakin ƙofa. Masu inji sun riga sun zuba tawada, Manaja yana leƙowa yana duba agogo. Kawu ya sunkuya da rula kamar yadda ya saba in akwai baƙo, ni kuma na matso kusa da shi na karanta lambar. Ya ce daidai. Ya sa hannu. Inji ya tashi kafin Sauri ya gama rufe ƙofa.

Da shekara ta ƙare aka yi masa ɗan taro a ɗakin inji, aka ba shi agogon bango, aka tafa. Ya koma gida. Ni aka haɗa ni da wani sabon mai dubawa mai ido biyu lafiyayyu, na koma karatu sau ɗaya, muryata ta fara dawowa.

Bayan wata biyu aka gama ɗinke littafin aka rarraba wa makarantu. Na karɓi kwafinsa na kai masa wata ranar hutu da yamma. Na same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, ya juya fuska wajen rana, Inna tana kwashe shanya. Ya rame. Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya karɓi littafin ya shafa bangon, ya shinshina tawadar, ya miƙo mini.

"Casa'in da huɗu."

Na buɗe. Na fara: shida, ɗaya, takwas. Tara, bakwai, sifili. Wannan karon babu mai jirana a bakin ƙofa, don haka idona yana kan takardar sosai. Na wuce rukuni biyar. A na shida, inda ya kamata in ga ɗaya, uku, bakwai, sai na ga ɗaya, bakwai, uku.

Nan take na gane abin da ya faru. Sauri ya gyara huɗun, amma da ya sake buga layin ya juya alƙaluma biyu. Ni kuma ranar, da idona a kan shafi, daga kaina na karanto lambar. Na haddace ta, bakina ya faɗi abin da ya sani, bai faɗi abin da ke gabansa ba.

Na ce, "Ɗaya, uku, bakwai," na ƙarasa har ƙarshe.

Kawu ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kin tsaya," ya ce.

"Numfashi na ja, Kawu."

"Shekara goma sha tara ba ki taɓa jan numfashi a tsakiyar lamba ba. Karanta mini abin da ke takarda."

Na karanta masa. Ɗaya, bakwai, uku, yadda yake a takarda. Sannan na faɗa masa komai, na ce laifina ne, ni na yi, zan je in gaya wa Manaja da bakina. Ina kuka kamar ba uwar manyan yara ba. Kunya ce ta kama ni, da baƙin cikin kwana taran nan da muka ƙone a banza.

"Dubu biyar ɗin duk sun fita?"

"Sun fita."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora tafin hannunsa a kan gwiwa yana murzawa a hankali.

"Ta Dakta aƙalla mun san laifinta," ya ce. "Wannan ko sanin ta ba mu yi ba."

"Kawu, ka yafe mini."

"Me zan yafe? Mai karatu yana kuskure, 'yar nan. Don haka ake ajiye mai dubawa a gefensa, ya gani da idonsa. Ni na zauna a kujerar mai ido shekara uku ba ni da ido, na bar ki kina ɗaukar aikin mutum biyu don kada a ce Jan Biro ya ƙare. Hannuna ne a ƙasan shafin. Kuskurena ne."

Ban taɓa jin ya ambaci idonsa ba sai ranar. Inna ta taho da kaya a kafaɗa, ta ga littafi a hannuna, ta tambaya da fara'a ko ya yi kyau. Na kasa ɗaga kai.

Kawu ya ce, "An dai buga." Sannan ya miƙa mata hannu ya ce ta kama shi su shiga ciki, ya gaji da zama.